Ina son barin tuwo don in rage ƙiba, amma ni ke girka wa mutum tara

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar makaranta ce a Zariya, shekaruna 36, 'ya'yana huɗu, autan ya shekara biyu da rabi, na yaye shi tuni. Lokacin da aka kai ni ɗaki kilo 61 nake. Satin da ya wuce na hau sikeli a asibiti na ga 94, alhali tsawona mita 1.62 ne kacal. Gwiwoyina ciwo suke, in na yi sujada sai na dafa bango kafin in miƙe. Shekara biyu ke nan ina shan maganin hawan jini, Mama kuma tana da ciwon sukari. Wata abokiyar aikina ta fara abin da suke kira keto, cikin kwana goma ta zubar da kilo huɗu. Ta turo min jerin abinci ta WhatsApp: ba tuwo, ba shinkafa, ba biredi, ba wake, ba 'ya'yan itace, sai nama da ƙwai da bota da fiya da wani garin almon da ban taɓa gani ba. Na gwada kwana uku. Ciwon kai da jiri suka sa ni gaba, daren na uku na tashi na haɗa shayi na cinye rabin biredi ina kuka. Abincina na kullum shi ne shayi da biredi da safe, waina ko fanke da zoɓo a makaranta, shinkafa ko taliya da lemon kwalba da rana, tuwo malmala biyu da dare. Mu tara ne a gidan har da surukata, tukunya ɗaya muke ci, ni ke girkawa. Maigida ya ce shi bai ce in rame ba, Hajiya kuma cewa take mutane za su ce ɗanta ba ya ciyar da ni. Bikin ƙanwata saura sati shida. In koma keton in daure, ko yaya zan yi?

Uwar yara huɗu, Zariya

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Fara share hawayen. Macen da ta wuni tsaye gaban allo, ta dawo ta tuƙa tuwon mutum tara, ta kwashe, ta raba wa kowa, ita kuma ta koma gefe da dafaffen ƙwai biyu, in ta tashi tsakar dare ta ci biredi ba abin mamaki ba ne. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Jerin da aka turo miki an rubuta shi ne don mai girka wa kanta ita kaɗai, mai firji cike da wutar da ba ta ɗaukewa. Kada ki koma masa yadda yake. Rage sitaci kuwa ki rage, zai amfani mai irin jikinki, amma daga tukunyar gidanku za ki yi shi.

Kafin mu shiga kicin, abin da ya fi tsaya min a rai cikin wasiƙarki shi ne maganin hawan jini. In mutum ya yanke sitaci farat ɗaya, sinadarin insulin, mai daidaita sukarin jiki, yana raguwa a jini, ƙoda kuma ta shiga zubar da gishiri da ruwa ta fitsari fiye da yadda ta saba, sai jini ya sauka da kansa. Ga magani kuma yana nasa aikin, musamman in irin mai sa yawan fitsari ne. Haɗuwar biyun na iya zama jirin da kika ji, kuma a zafin bazara hakan yana iya kayar da mutum a tsakiyar aji. Ki koma wajen likitan da ya ɗora ki a kan maganin, ki faɗa masa ƙarara cewa za ki rage abinci mai sitaci, ya auna jinin, ya gaya miki ko za a taɓa maganin. Kada ki rage da kanki, kada ki daina. Tunda Mama tana da sukari, ki nemi a yi miki gwajin sukari na safe kafin ki karya, in da hali har da wanda ake kira HbA1c, mai nuna yadda sukarin ya kasance cikin kusan wata uku da suka wuce. A duba ƙoda ma. Hawan jini yana cin ta a ɓoye, mai ciwon ƙoda kuma ba a sake masa nama da ƙwai yadda ya ga dama.

Ki kuma ja kunnen Mama, kada ta ga kina yi ta ce bari ta bi sahu. Mai allurar insulin ko mai shan glibenclamide in ya yanke tuwo ba a gyara masa magani ba, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma. Mai shan empagliflozin ko dapagliflozin kuwa, keto na iya sa asid ya taru a jininsa har a kwantar da shi, ko da sukarin bai hau ba. Mai ciki da mai shayarwa su ma wannan hanya ba tasu ba ce.

To, kilo huɗun abokiyar aikinki. Ban ce ƙarya take ba, sikeli ya nuna. Amma me ya fita? Jiki yana da rumbun sukari a hanta da tsoka, kusan giram 100 a hanta, kusan 400 a tsoka, kuma kowane giram yana riƙe da ruwa wajen giram uku. In aka daina cin sitaci, rumbun nan jiki ke fara buɗewa, ruwan da ke tare da shi ya bi fitsari. Rabin kilo na ajiya da kilo ɗaya da rabi na ruwa, kilo biyu ke nan sun tafi ba a taɓa kitse ba. Ki ƙara da ruwan da ya bi gishiri, da abin da ya ragu a hanji. Shi ya sa satin farko yake da daɗi, shi ya sa kuma ranar da ta ci shinkafar suna za ta ga kilo biyu sun dawo kafin jibi, hankalinta ya tashi. Kitse a hankali yake narkewa. Kilo ɗaya nasa yana ɗauke da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) kusan 7,700, babu macen da za ta ƙone kilo huɗu na kitse cikin kwana goma tana zuwa aiki.

Shi keto asalinsa ma ba don ƙiba aka yi shi ba. A 1921 aka tsara shi a asibitin Mayo da ke Amurka don masu farfaɗiya, har yau kuma ana ɗora yaran da magani bai yi wa aiki ba a kansa, ƙarƙashin idon asibiti. Ƙa'idarsa sitaci da sukari su tsaya tsakanin giram 20 zuwa 50 a yini. Kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa yana da kusan giram 45, wato abin da kike zuba wa autanki ya cinye kason yini guda. Amma tsakanin keto da yadda kike ci yanzu akwai fili mai faɗi. Wanda ya tsaya ƙasa da giram 130 a yini, masana suna sa shi cikin masu cin sitaci kaɗan. Ke kuwa da na bi abincin da kika lissafa, daga shayin safe zuwa malmala ta biyu, a ƙiyasina kina haura giram 400. Ko rabi kika sauko kin yi aiki babba.

A 2018 masu bincike a jami'ar Stanford sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi da mutum 609 tsawon shekara guda. Rabi aka ce su rage sitaci, rabi su rage maiƙo, dukkansu kuma aka ce su rage sukari da farar fulawa, su yawaita ganye, su riƙa girki a gida. Bayan wata 12 masu rage sitaci sun sauke kimanin kilo 6, masu rage maiƙo kilo 5.3. Bambancin bai taka kara ya karya ba. A kowane ɓangare an sami wanda ya sauke fiye da kilo 20, an sami wanda ya ƙara ƙiba. Ina goyon bayan rage sitaci a wajenki saboda yana kwantar wa mutane da yawa da yunwa, yana kuma sauƙaƙa wa sukarin jini, ga shi ciwon yana gidanku. Amma tsarin da ya karye a kwana uku bai yi miki komai ba, sai ciwon kai.

Ga abin da nake so ki yi. Mu a gidajenmu tuwo ne abinci, miya mahaɗi ce, ɗan abin dangwalawa don loma ta wuce. Ke juya lamarin za ki yi a kwanonki ke kaɗai: miya ta zama abinci, tuwo ya koma mahaɗi. Tukunya tana nan yadda take, Hajiya ta ci tuwonta, yara su ci nasu. Wajen kwasa ki sa mara ki fitar da naki daban, guda ɗaya mai girman dunƙulen hannunki, ki cika kwano da miya, ki sha ta da cokali kina haɗawa da ƙananan loma. Allah ya yi mana arzikin miya: kuka, kuɓewa ɗanya da busasshiya, karkashi, ayoyo, zogale, alayyahu, yakuwa, taushe, agushi. Galibinsu sitacinsu kaɗan ne, harzarsu da yawa, suna cika ciki su daɗe. Abin da mai garin almon ke nema da tsada, kuka da kuɓewa sun ba ki shi a kasuwar Sabon Gari da kuɗin cefanen da kika saba.

Sai dai miyar mutum tara da aka saba tsinkawa da ruwa don ta kai, ba za ta riƙe ki ba, ƙarfe sha ɗaya na dare za ki sake neman biredi. Ki ƙara ganyen, ki ɗebi naki tun tana da kauri, ki tabbata akwai abin gina jiki a ciki: busasshen kifi, dakakken wake, ɗan nama, ko dafaffen ƙwai a gefe. Dunƙule da gishiri kuwa ki ja hannu, daddawa da albasa da citta su ɗauki wani nauyin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a yini, ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya ke nan, dunƙulen nan kuma kusan rabinsa gishiri ne. Kanwa ma 'yar gidansu ce. Mai hawan jini da za ta riƙa shan miya kwano guda dole ta kula da wannan, in ba haka ba an gudu ba a tsira ba. Masu keto za su ce ki ƙara gishiri don maganin jiri. Wannan shawarar ba taki ba ce.

Da ni zan tsara miki ma, satin farko ba zan taɓa tuwon ba, abin sha zan fara kamawa. Lemon kwalba na santilita 50 yana iya ɗaukar sukari har giram 50, ƙaramin cokali 12, kuma nan ne iyakar da hukumar lafiyar nan ta yanka wa babban mutum a yini gaba ɗaya, tana cewa in an tsaya a rabin haka ya fi. Lemon malt da muke kai wa marar lafiya da sunan ƙarin jini, shi ma sukari ne. Zoɓon bakin makaranta kin san da gwangwani ake zuba masa. Abin da ya sa na tsani sukarin sha shi ne ba ya ƙosarwa: ki shanye kwalba, ki ci shinkafarki daidai yadda za ki ci da ba ki sha ba. Ki dafa zoɓonki a gida da citta da kanumfari da ɓawon abarba, ba sukari, ki tafi da shi a gora. Kofi ɗaya ko biyu ya isa, domin zoɓo kansa yana ɗan sauke jini, ki ambata wa likita. Shayi kuma kada ki yanke masa sukari rana ɗaya, ki riƙa janye rabin cokali duk bayan 'yan kwanaki har harshe ya saba. Kada ki ce zuma ta maye gurbi, babban cokalinta ɗaya yana da sukari wajen giram 17. Kunu da koko hatsi ne a ruwa. In fura za ki sha, nono ya rinjaya, furar kaɗan, ba sukari. Kindirmo zalla kuwa ki riƙe shi hannu biyu.

Da safe, maimakon rabin biredi, ki ci ƙwai biyu da tumatir da albasa, ko alale, ko ƙosai huɗu zuwa biyar, ko awara. Awarar nan da muke ɗauka abin kwaɗayin 'yan makaranta ce, ita ce babbar ƙawarki a wannan tafiyar: waken suya ne, tana gina jiki, sitacinta kaɗan, ga arha. Illarta man da take sha a kasko. Ki saya ɗanya ki jefa ta cikin miyar tumatir ko ta alayyahu. In an fita tara kuma kada ki fita hannu rabbana, mai waina tana bakin ƙofa, ƙamshin ya fi ƙarfin niyya. Ki taho da kwaɗon zogale ko na rama da ɗan ƙuli-ƙuli a ƙaramar roba, ko gurji da yalo da dafaffen ƙwai.

Jerin ya hana ki wake, a nan na saɓa da shi ƙwarai. E, wake yana da sitaci, kusan giram 20 a cikin giram 100 na dafaffe, amma tare da harza da furotin yake zuwa, ba ya harba sukari sama kamar farar shinkafa, kuma shi ne naman gidan da albashin malami ke riƙe da shi. Ranar shinkafa da wake ki dafa waken da yawa, a farantinki wake kashi biyu, shinkafa kashi ɗaya, rabin farantin kuma kabeji da latas da tumatir. Ranar taliya, kofi ɗaya, sauran wurin ganye da kifi su cike. 'Ya'yan itace ma ban hana ki ba. Gwanda, kankana, gwaiba, lemon zaƙi a ci shi da totuwarsa ba a matse ba. Lokacin mangwaro guda ɗaya, ba a zauna gaban bokiti ba. Dabino kusan kashi biyu cikin ukunsa sukari ne, uku na buɗe-baki sun wadatar. Rake kuwa ki bar wa yara.

Akwai tarkon da na ga ya kama mata da yawa, har da ni a wani lokaci: tuwon alkama da acha. An ce abincin masu sukari ne, sai mace ta ci malmala uku da kwanciyar hankali. Alkama hatsi ce, acha hatsi ce, sitacinsu bai yi nisa da na masara ba. Gero da dawa da alkamar da ba a surfe su tas ba sun fi farar shinkafa da semo harza, in zaɓi ya samu ki zaɓe su, amma girman malmala shi ne magana. Ɗan wake sunansa yana yaudara, garin rogo ko fulawa ne ke riƙe da shi. Garin kwaki, doya, dankali, rogo, gurasa, indomi, duk dangi ɗaya ne, kowanne kika samu a gida ranar, dunƙulen hannu ɗaya. Sai wanda ba a lissafawa: ragowar kwanon auta da kike cinyewa don kada a yi almubazzaranci, ƙanzon tukunya, da ɗanɗanon girki da ke kai wa ludayi uku. Ki rufe ragowar a ajiye masa, ko a ba almajiri tun da sauran zafinta.

Ɗaya tarkon shi ne mai. Masu keto suna cewa a ci bota da kitse son rai. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci 4. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa kusan 120. Soyayyiyar gyaɗa giram 100 ta haura 550, kuma kin san yadda kwalbar gyaɗa ke ƙarewa ana hira ba a sani ba. Cikin tafin hannu ɗaya ya isa. Man shanu da bota da kitsen nama suna ɗaga kolestarol marar kyau a jini, mai hawan jini da ciwon sukari a dangi ba ta buƙatar ƙarin kaya a zuciyarta. In maigida ya shigo da tsire ko balangu, ki ci tsokar da albasa da kabeji, ki ture kitsen da gurasar. Batun sayen fiya da nama kullum kuwa, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Kuɗin lemo da fanke da biredin da kika bari, su za su koma ƙwai da awara da kifi.

Yanzu Hajiya. Kada ki ɗauki maganarta ƙiyayya. A zamaninsu ƙibar mace shaidar hutu ce da kulawar miji, rama kuma ciwo ne ko ɓacin rai, ita mutuncin ɗanta take karewa. In kika ce mata kina son ki yi kyau a biki, kin faɗi tun ba a fara ba. In kika ce, "Hajiya, likita ya ce in rage saboda hawan jinin nan da gwiwa," za ki ga ita ce mai hana a miƙo miki lemo. Kuma gaskiya za ki faɗa, tunda za ki je wajen likitan. Ki ci gaba da zama cikinsu lokacin cin abinci, kwanonki cike da miya, ba wanda zai ce ana horar da ke da yunwa. In maganar ta yi tsawo, ki tuna mata hadisin da ta fi ki sani, na raba ciki uku: kashi ɗaya abinci, ɗaya abin sha, ɗaya numfashi.

Maigida kuma da ya ce bai ce ki rame ba, ni na ji ta kamar maganar mai son ya kwantar miki da hankali, ki karɓe ta a haka. Amma ki nuna masa inda abin yake. Ki ce masa kina son ki tashi daga sujada ba ki dafa bango ba, kina tsoron ciwon sukarin da Mama ke fama da shi. In zai yiwu ya raka ki asibiti ya ji da kunnensa. Sannan ki roƙe shi abu takamaimai, maza sun fi gane wannan: ledar da yake shigowa da ita da dare ta koma kifi ko ƙwai ko kankana maimakon biredi da lemo.

Ki cire 61 daga ranki a yanzu, wannan nauyin amarya ne kafin haihuwa huɗu. Abin da za ki sa a gaba shi ne kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinki, kilo 5 zuwa 9, cikin wata uku zuwa shida. Kada ki raina shi. A wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002, an ɗauki mutum fiye da 3,000 da ke bakin kamuwa da ciwon sukari. Waɗanda aka sa su nemi sauke kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki minti 150 a mako, kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100. Gwiwa ma tana ji da wuri, domin duk kilo ɗaya da ya sauka yana rage mata nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. Minti 150 ɗin nan rabin awa ne sau biyar a mako. Ki sauka daga Keke Napep kafin a kai ƙofar makaranta ki ƙarasa da ƙafa, bayan tuwon dare ki zaga tsakar gida minti goma. Tuwon ma ki ci shi bayan magariba, kada ya kai goma na dare.

In kin je asibiti ki tafi da duk abin da kike sha a leda. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku tana ƙara wa wasu mata ƙiba, kada ki daina da kanki, ki tambaya ko akwai wata hanyar da ta fi dacewa da ke. Prednisolone da dexamethasone da ake saya a kemis don ciwon gwiwa suna kumbura jiki, suna ɗaga jini da sukari, su ne ma ake cusawa cikin haɗin da ake kira sha ka fashe. Shayin rage tumbi da ake tallatawa a waya kuwa, da yawansu filasko ne da abin sa fitsari. Gudawa za ki yi, ruwa ya fita, sikeli ya yi miki murmushi kwana biyu, ga mai shan maganin hawan jini kuma wasa da ƙoda ne.

Ko da a hankali kika bi, kwanakin farko za ki iya jin ɗan ciwon kai da kasala, bayan gida ya yi tauri. Ruwa da ganye ne maganinsu, suna wucewa cikin mako. Amma jirin da gani ke dushewa, ko bugun zuciya, ko amai, ba na daurewa ba ne, ki tafi asibiti ranar. Sikeli sau ɗaya a mako, da safe, a kan sikeli ɗaya. Gab da al'ada zai iya ƙara kilo ɗaya ko fiye, ruwa ne, kada ki yi fushi ki koma biredi. Ki ari tef ɗin tela ki riƙa auna ƙugunki daidai cibiya duk sati biyu, wani lokacin shi ke fara nuna canji kafin sikeli. Inda ake so a kai a ƙarshe shi ne ƙugu ya gaza rabin tsawo, a wajenki ƙasa da santimita 81, amma wannan tafiyar shekara ce ko fiye.

Saura biki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Cikin sati shida, in kin riƙe abin da na faɗa, ki sa ran kilo uku zuwa biyar, fuska ta ɗan faɗa, zani ya ɗan ƙara zagaye. Kada ki matsa wa kanki da yunwa don ki ninka haka, saurin rama yana jawo tsakuwa a maɗaciya, ga ki yayar amarya, hidima tana jiran ki. Ranar kamu da ranar wuni ki ci wainarki, ki ɗauki alkaki ɗaya, ki sha ruwa maimakon lemo, washegari ki koma kwanon miyarki ba tare da ramuwar azumi ba. Anko kuma ki kai wa tela yanzu ya auna ki yadda kike, ki ce masa za ki dawo saura mako ɗaya ya rage. Kada ki yarda a ɗinka miki ƙarami da fatan za ki shiga.

In kin dawo daga wajen likita ki sake rubuto min, da sunan maganin da kike sha da abin da gwajin sukarin ya nuna, sai mu duba ko malmalar dare za ta tsaya a ɗaya ko za mu taɓa ta rana.